Ƙwaron Katako da Ƙudan Takinid: Yadda Aikin Akwatinmu Ke Tafiya a Jos

9 ga Fabrairu

Aikin da na ɗaukar wa ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu a bana shi ne haɗa akwatin nuni na ƙwari biyu, kowanne daga ƙwai har girma: ƙwaron da ke huda katako, da wani ƙuda mai kaushin gashi da masana ke kira takinid. Littafin da muke koyarwa da shi bai wuce ƙudan gida, sauro, kyankyaso da fara ba, yara kuma sun haddace su har sun gundure su. Waɗannan biyun babu su a ciki, alhali ɗaya yana cin bencin da yaran ke zaune a kai, ɗayan kuma yana yi wa iyayensu aiki a gona ba su sani ba.

Abin da ya sa na haɗa su wuri ɗaya shi ne tsutsarsu. Kowacce a cikin abincinta take rayuwa, a rufe, ido ba ya ganinta. Ta ƙwaron tana cikin busasshen itace, ta ƙudan tana cikin jikin wata tsutsar mai rai. Ina so yara su gani da idonsu cewa irin abincin nan shi ya tsara sauran komai, daga siffar jiki zuwa tsawon kwana zuwa dabarar da uwa ke bi wajen ajiye ƙwanta.

Na fara da mai sauƙin samu. Kawuna kafinta ne a Kasuwar Katako da ke Laranto, sai na je shagonsa da buhu.

"Kawu, guntayen da ƙwaro ya ci nake nema."

"Ikon Allah! Kowa yana zuwa neman mai kyau, kai ka zo neman wanda ya lalace? To Malam, ga su can bayan shago, ka rage mana shara."

Ya zaɓo mini falankin obece mai huji birjik, da guntun gora, da wani yankin maɗaci wanda gefensa fari ne cikinsa ja. A kan maɗacin ya tsaya. Ya sa farce ya bi layin da fari ya haɗu da ja, ya ce in duba da kyau: duk hujin a farin yake, ko ɗaya bai tsallaka cikin jan ba. Shi ya sa, in ji shi, kafintan kirki yake yanke farin gefen ya yar in zai yi ƙofa, mai ha'inci kuwa ya shafe shi da kala ya sayar haka nan. Maganarsa ta yi daidai da abin da masana suka gano. Farin gefe shi ne inda bishiya ke ajiye sitaci tana raye, tsutsar irin wannan ƙwaron kuma sitacin take bi, domin ba ta iya narkar da ainihin zaren itacen yadda gara ke yi. Jan ciki ba shi da sitacin kirki, ga shi cike da sinadaran da bishiyar ta tara don kare kanta. Obece kuwa kusan dukkansa fari ne mai laushi, shi ya sa ya fi kowane katako shan wahala a hannunsu.

Kowane guntu na sa shi a bokitin roba daban, na shimfiɗa baƙar takarda a ƙasa don garin da zai zubo ya fito fili, na ɗaure baki da yadin gidan sauro.

23 ga Fabrairu

Shi ƙudan ba a zuwa kasuwa a sayo shi. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a tara tsutsotsin gona, a yi kiwonsu a kwalba, a jira a ga abin da zai fito daga cikinsu. Mun je lambunan rani da ke bakin tsofaffin kududdufan haƙar kuza ta wajen Bukuru, inda ake noman kabeji, karas da tumatir. Yara sun bi kunya-kunya suna ɗaga ganye, abin da suka samu bai taka kara ya karya ba.

Na tambayi dattijon da ke da lambun: "Baba, yaushe rabonka da feshi?"

Ya ce, "Shekaranjiya, ɗana. Kabeji in ka bar shi mako guda ba magani, sai dai ka sayar wa masu akuya."

Ba zan ga laifinsa ba, kuɗinsa ne a ƙasa. Amma maganin da ke kashe tsutsa yana kashe duk abin da ke cikinta, kuma ƙudan da zai sauka a kan jiƙaƙƙen ganye ya fi tsutsar da ta shige cikin tumatir saurin mutuwa. Mun dawo da 'yan ƙananan koraye na kabeji da wasu manya na tumatir daga gefen lambun da feshi bai kai ba.

10 ga Maris

Gari ya fara taruwa a kan baƙar takarda, tsibi-tsibi, kowane tsibi daidai ƙarƙashin hujinsa. Na obece laushinsa kamar fulawar da aka tankaɗe, in ka murza shi tsakanin yatsu ba ka jin tsakuwa ko ɗaya. Hujin kansa zagayayye ne, faɗinsa tsakanin milimita 1 zuwa 2. Wannan alamar ƙwarin rukunin Lyctus ce, cikin babban dangin Bostrichidae.

Yau muka fasa falankin da wuƙa da guduma. Daga waje lafiyayye ne in ban da hujin. Da wuƙar ta shiga sai muka ga abin da ya rage ɓawo ne siriri a sama da ƙasa, tsakiya duk gari, a danƙare cikin hanyoyin da suka bi tsawon itacen. A cikin garin muka tsinto tsutsar: fara sol, a lanƙwashe, ba ta wuce milimita 5 ba, gabanta ya fi bayanta kauri, da ɗan kai mai ruwan ƙasa da muƙamuƙai biyu masu ƙarfi, da gajerun ƙafafu shida. Da gilashin ƙara girma ana ganin wani ɗigo mai duhu a kowane gefe kusa da wutsiya. Ƙofar numfashinta ta ƙarshe ke nan, wadda ta fi sauran girma, kuma da ita ake bambanta tsutsar Lyctus da ta 'yan uwanta. Da muka ajiye ta a kan tebur sai ta kwanta ta gefe tana motsi a wuri ɗaya. Jikin da aka gina don matsattsen rami ba ya tafiya a fili.

Abin da ya fi ba yara mamaki shi ne hujin nan ba ƙofar shiga ba ce, ta fita ce. Uwar Lyctus ba ta huda komai. Tana da doguwar siririyar mazubar ƙwai da take zurawa cikin ƙananan kafofin da ruwa ke bi lokacin da bishiya take raye, ta ajiye ƙwanta a can. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: itacen da kafofinsa suka yi mata ƙanƙanta ya tsira, bishiyoyin dangin fayin (pine) da ba su da irin waɗannan kafofin sun tsira, katakon da aka toshe fuskarsa da fenti tun yana lafiya shi ma ya tsira. In kuwa ƙwan ya riga fentin shiga, aikin banza aka yi. Tsutsa za ta yi watanni tana ci a ɓoye, ta matso kusa da fuska ta kwanta ta rikiɗa, babban ƙwaro ya tauna hanyarsa ya fito ta cikin fentin. Ranar da mai gida ya ga gari a ƙarƙashin kujera, zuriya guda ta riga ta gama cin rabonta ta tashi.

Na gora daban ne. A nan uwar da kanta take huda hanya ta shiga, ta yi ƙwai a ciki. Ƙwarin Dinoderus ke nan, masu sana'ar gora sun san su sarai.

Maganar watanni ita ce ginshiƙin wannan ɓangaren. Itace abinci ne na talauci. Sinadarin naitirojin da jiki ke buƙata don gina tsoka bai kai kashi 1 cikin 100 na busasshen itace ba, ko kusa bai kai ba, alhali a busasshen jikin ƙwaro yana kai wajen kashi 10. Dole tsutsa ta ci mai yawa ta zubar da mai yawa, ta kuma yi haƙuri. Lyctus a ƙasa mai sanyi yakan kwashe kusan shekara kafin ya fito, a ƙasa mai zafi watanni kaɗan. Manyan masu huda itace, irin masu dogon ƙaho na dangin Cerambycidae da masu sheƙi na dangin Buprestidae, sukan yi shekara ɗaya zuwa uku ko fiye. A yammacin Kanada an rubuta labarin wani mai sheƙin, Buprestis aurulenta, da ya fito daga katakon gini bayan shekara 51, saboda itacen ya bushe ƙwarai har girman tsutsar ya kusa tsayawa. Abincin ba ya gudu, ba ya ruɓewa da wuri, ba ya faɗa da mai cinsa, don haka babu abin da ke korarta.

28 ga Maris

Daga tsutsotsin kabeji ƙananan fararen kwansuna suka fito, daga cikinsu kuma wasu mitsi-mitsin dangin zanzaro. Su ma masu cin tsutsa ne daga ciki, amma ba su muke nema ba. Na tumatir sun shige ƙasa sun fito da fukafukansu lafiya lau. Ɓangaren ƙuda zai jira damina. Wani yaro ya kawo reshen darbejiya daga gidansu mai hujin da biro ke shiga, na ba shi bokitinsa.

19 ga Afrilu

An yi ruwan farko, bokitai sun farka. Da safe ana samun ƙwari manne da yadin gidan sauron suna neman haske.

Na obece siriri ne, shimfiɗaɗɗe, ja mai duhu, milimita 3 zuwa 5, kansa a fili, ƙahonsa ya ƙare da gaɓa biyu masu kauri. Na gora gajere ne mulmulalle, in ka dube shi ta sama ba ka ganin kai sam, domin ƙirjin ya rufo kansa, gaban ƙirjin kuma cike yake da ƙananan haƙora. Duk jikin makami ne na huda: mulmulalle don ya cika ramin, ƙafafu gajeru don kada su tokare, ƙaho gajere mai naɗewa.

Daga reshen darbejiya kuwa babban yaya ya fito, baƙi wuluk, ya haura santimita 2, siffarsa irin ta na gora sak sai dai girma. Wannan Apate ne. Shi babban ƙwaron yakan huda bishiya mai rai ya ci, reshen ya yi rauni iska ta karya shi, tsutsarsa kuma ta girma a mataccen itace. Manoman kashu a Najeriya da Jamhuriyar Benin suna kuka da Apate terebrans saboda haka. Na sa shi a tafin hannun wani yaro mai cika baki, da ya fara tura kai tsakanin yatsunsa sai ga shi ya yarfar yana salati.

Dangin nan ba su da kunya wajen huda. A Kalifoniya ta Amurka akwai wani, Scobicia declivis, da ya yi suna wajen huda rigar darmar da ake naɗe wayar tarho da ita a da, ruwa ya shiga layi ya lalace. Amma wanda ya fi shafar mu shi ne wanda ya bar daji ya shiga rumbu. Prostephanus truncatus asalinsa ƙwaron itace ne na Meziko da Amurka ta Tsakiya. A ƙarshen shekarun 1970 ya bayyana a Tanzaniya, a 1984 aka gan shi a Togo, daga nan ya bazu a Afirka ta Yamma har Najeriya, yana mayar da masara da busasshen rogo gari. A 1991 aka saki wani ƙwaro mai farautarsa, Teretrius nigrescens, a Togo don rage masa ƙarfi. Wanda ya fahimci cewa sitaci yake bi ba zai yi mamaki ba: ƙwayar masara ta fi farin itace sitaci nesa ba kusa ba.

Mun kashe samfurin a firizar wani maƙwabci. Babban an soke shi da allura ta murfin fiffikensa na dama, yadda ƙa'ida take, ƙananan an manna su a bakin 'yan yankakkun kwali. Tsutsa tana cikin ƙaramar kwalbar sifirit. Kafur a kusurwar akwati, in ba haka ba wasu ƙwarin za su zo su cinye waɗannan.

14 ga Yuni

Masara ta kai gwiwa, tsutsarta kuma ta iso. Ita ce baƙuwar nan da ta fito daga nahiyar Amurka, wadda aka fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016, a nan Najeriya da wasu maƙwabta, Spodoptera frugiperda. Gane ta ba wuya: alama mai siffar harafin Y a kife a goshi, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere murabba'i kusa da wutsiya. Tana zama can cikin zuciyar masara, ta cika wurin da kashinta.

Wannan karon mun nemi ƙananan gonakin bayan gida ta wajen Naraguta, irin waɗanda masu su ba su da kuɗin magani. Kowace tsutsa da robarta daban, domin in aka haɗa su manya suna cinye ƙanana. Sabon ganye kullum, a share kashi, a sa ƙasa kaɗan a gindi.

Wata yarinya mai kaifin ido ce ta fara lura da shi: a bayan kan wata tsutsa akwai ƙananan abubuwa farare guda biyu, dogaye kaɗan, ba su kai milimita ɗaya ba, a manne ƙam. Ta sa tsinke ba su motsa ba. Ƙwan ƙuda ne. Bayan kai wuri ne da tsutsa ba ta iya juyowa ta cije shi.

2 ga Yuli

Tsutsar mai ƙwai ta ci gaba da cin ganye kwanaki kamar babu abin da ya same ta. Sai cinta ya ragu, ta yi nauyin jiki, wani baƙin tabo ya fito a gefenta. Jiya da rana, muna tsaye, fatar ta tsage wata tsutsar ta kutso kai ta fito.

Na ajiye ta gefen kwalbar tsutsar katako don yara su kwatanta. Wannan ba ta da ƙafa ko ɗaya, ba ta da kai da za a nuna. Gabanta tsini ne mai ƙananan ƙugiyoyi baƙaƙe da take yagar nama da su, bayanta a datse mai ɗigo biyu na numfashi. Ta shige ƙasa, kafin magariba fatarta ta ƙanƙance ta taurare, daga fari ta koma ja, yau da safe ta zama ja mai duhu. A cikin tsohuwar fatarta za ta rikiɗa, ba ta saƙa komai. Ita kuwa tsutsar masara ta zama fanko.

Yarinyar da ta gano ƙwan ta ce, "Malam, wannan ai zalunci ne." Na ce ta tambayi mai gonar.

Baƙin tabon nan shi ne abin da na fi so su fahimta. Mai zama cikin jikin wani yana da matsala biyu da mai zama cikin itace ba shi da su. Ta farko iska: itace busasshe iska na ratsa shi, jikin tsutsa kuwa ruwa ne. Ta biyu, jikin yana faɗa. Ƙwayoyin jinin tsutsa sukan taru su lulluɓe duk baƙon da ya shigo su shaƙe shi. Da yawa daga takinid sun mayar da wannan faɗan riba. Tsutsar takan maƙala bayanta a hujin da ta shiga ta fata, ko a jikin ɗaya daga bututun numfashin mai masaukinta, sai lulluɓin da aka yi don a kashe ta ya taurare ya zama mazurari da take shaƙar iska ta cikinsa, bakinta kuma yana ciki yana ci. Tabon da muka gani bakin mazurarin ne. Da farko jini da kitse take sha, tana barin sassan da rai ya dogara a kansu, domin in mai masauki ya mutu da wuri abinci ya ruɓe. Sai a kwanakin ƙarshe take cinye sauran.

Daga ganin ƙwai zuwa fitowarta bai kai mako uku ba. Falankin obece kuwa tun Fabrairu yake zubar da gari, har yau bai daina ba. Ita abincinta mai maiƙo ne amma yana da wa'adi, dole ta gama kafin mai masauki ya rikiɗa ya tashi ko ya mutu.

Wahalar takinid a kan uwa take. Uwar ƙwaron katako in ta sami falanki ɗaya ya ishi 'ya'ya da jikoki. Uwar ƙuda kuwa dole ta nemo abu mai rai, mai ɓuya, mai daidai girma, shi ya sa dabarunsu suka yi yawa. Wasu suna manna ƙwai a fata kamar wadda muka gani. Wasu suna zuba dubban mitsi-mitsin ƙwai a kan ganye, tsutsa ta haɗiye da abinci ya ƙyanƙyashe a cikinta. Wasu suna riƙe ƙwan a ciki har ya kusa fashewa, su ajiye a bakin rami, jaririyar tsutsa ta bi sawu da kanta. Wasu suna da tsinin da suke huda fata da shi. Akwai kuma Ormia ochracea ta Amurka, wadda gyare take nema, da kunne. Kunnuwan suna ƙirjinta ƙarƙashin wuya, tazararsu kamar rabin milimita, amma tana gane inda kuka ya fito daidai har masu ƙera na'urar taimaka wa ji suka yi nazarinta. A tsibirin Kauai na Hawai ta matsa wa gyare lamba har mafi yawan mazansu suka zama marasa kuka cikin 'yan shekaru.

15 ga Yuli

Ƙudan ya fito, kuma mun yi sa'a ana tsakiyar darasi. Bakin kwanson ya ɓalle, sai ga kai mai wata jaka fara a goshi tana kumbura tana sacewa. Da ita ya ture murfin, da ita ya ture ƙasa ya hau sama. Bayan ɗan lokaci jakar ta koma cikin kai, ba za ta sake fitowa ba har ya mutu, fukafukan da suka fito a cukurkuɗe suka miƙe. Ƙwaron katako haƙori ya sa ya fito. Wannan ba shi da abin tauna ko kaɗan, bakinsa na lasa ne, abincinsa ruwan fure da zaƙin da ƙananan ƙwari ke bari a ganye.

Kallo ɗaya za ka ce ƙudan gida ne da ya ƙoshi: toka-toka, jajayen idanu. Sai an sa gilashi. Bayansa cike yake da gashi masu kauri a tsaye, musamman ƙarshen ciki. Gashin da ke kan ƙahonsa sumul yake, na ƙudan gida da na ƙudan nama kuwa mai rassa ne. Babbar shaida tana ƙarƙashin ɗan allon da ke ƙarshen ƙirji ta baya: akwai wani kumburi a nan, a fili in aka duba ta gefe, wanda ƙudan nama mai zanen dara a ciki ba shi da irinsa. Dangin Tachinidae suna da nau'i fiye da 8,000 da aka yi wa suna. A takardar da ke ƙarƙashin allura na rubuta dangi, wuri, kwanan wata, da sunan tsutsar da ya fito daga cikinta, na kuma manna fankon kwanson a gefe, domin wannan bayanin ne masana suka fi nema.

Da aka jera manyan biyu sai maganar fukafukai ta taso da kanta. Asalin tsarin ƙwari fukafukai huɗu ne. Ƙwaron katako ya mayar da na gaba murfi mai tauri, yana tashi da na baya da ke naɗe a ƙarƙashi, don haka yana iya kutsawa cikin rami ba tare da ya yage su ba, tashin nasa dai na lallaɓawa ne. Ƙuda ya yi akasin haka: da na gaba yake tashi, na baya sun ƙanƙance sun zama 'yan sanduna biyu masu dunƙulen kai da ke kaɗawa suna gaya masa duk juyin da jikinsa ya yi a iska. Shi ya sa yake iya sauka a bayan tsutsa ya manna ƙwai ya tashi kafin ta yi wulƙitawar kare kai. Mun ga sandunan sarai da gilashi, a ɓoye ƙarƙashin wasu fararen faifai a gindin fiffike.

3 ga Agusta

Yara sun so a rubuta "maƙiyi" a saman ɓangare ɗaya, "aboki" a saman ɗayan. Na hana, muka yi muhawara.

Gaskiya ne takinid ya yi wa manoma rana a wurare da dama. A 1925 aka kai Bessa remota daga Malaya zuwa Fiji saboda wata tsutsa da ke cinye ganyen kwakwa, cikin 'yan shekaru annobar ta kwanta. Amma a 1906 an kai Compsilura concinnata daga Turai zuwa arewa maso gabashin Amurka don wata tsutsar daji, sai ta zama mai cin kowa, nau'i fiye da 150, har da manyan ƙwarin siliki na ƙasar da ba su yi wa kowa laifi ba. A Indiya kuma masu kiwon tsutsar siliki ba su da maƙiyi kamar wani takinid na rukunin Exorista. Shi ma ƙwaron katako a daji aikinsa buɗe mataccen itace ne ruwa da naman gwari su shiga ya koma ƙasa. Mu ne muka kawo mataccen itace cikin ɗaki muka zauna a kai. An tsaya a kan za a rubuta abin da kowanne ke ci, mai karatu ya yanke hukunci.

Wani yaro ya tambaya ko biyun suna haɗuwa. Suna haɗuwa. Takinid na rukunin Billaea tsutsar ƙwari masu huda itace suke ci, musamman masu dogon ƙaho: uwa ta ajiye 'ya'ya a bakin rami, su bi garin itacen har su cim ma mai ramin. Wannan ya ƙara mana aiki, domin yanzu muna tara rassan mangwaro da suka mutu a tsaye masu manyan huji, kowanne a bokitinsa.

Abin da ya rage a jadawali uku ne. Gurbin ƙwan Lyctus a akwati har yanzu fanko ne, don haka na sa sabon yankin obece mara fenti a bokitin manyan ƙwarin, za mu riƙa fere bakinsa da reza muna dubawa. Gwajin zafi kuma sai rana ta dawo: ƙa'idar duniya ta katakon ɗaurin kaya ita ce tsakiyar itace ya kai digiri 56 na minti 30 don kashe ƙwarin da ke ciki, muna so mu ga ko baƙar leda da ranar Nuwamba za su kai siririn falanki wannan matsayi, abin da ba zai yiwu a hadarin Agustan Jos ba. Sannan in an fara girbi za mu tsaga karan masara da na dawa mu tara tsutsar cikin kara, domin akwai takinid ɗan asalin Afirka, Sturmiopsis parasitica, da ke binta har cikin ramin. Masu gonakin Naraguta sun yarda su bar mana kunya biyu ba a ƙone karan ba.